Igiya a Yatsan Ƙafa

Bara ambaliya ta cinye mana shinkafa a fadamar Kaoje, saura kwana kaɗan a yanka. Da zaman banza ya ishe ni, sai na sa wani wasan noma a wayata. Ka shuka, ka yi ban-ruwa da babban yatsa, bayan minti biyar ka girbe. Babu ambaliya, babu tsadar taki. Ya ɗebe mini kewa, ba zan yi masa butulci ba, amma ya hana ni sukuni. Ina cin tuwo hankalina na kan tumatirin waya. Ina cikin sahu a masallaci ina tunanin ko masarata ta nuna. In caji ya ƙare, sai in yi ta zagaye gida kamar kaza mai neman wurin ƙwai.

Inna, mahaifiyata, tana da wani irin shinkafa mai ƙamshi da ta zo da shi daga garinsu, can tsallaken iyaka cikin Benin. Su kansu can sun daina nomansa. Tiya ɗaya ruwa ya bar mata, bana ta shuka ta duka don ta mayar da iri.

Shinkafar na fara cika tsuntsaye jan-baki suka iso. A wannan lokaci ba a barin gona ko kaɗan. Ana zama kan rumfa, ana jan igiya mai gwangwanaye, ana ihu har murya ta dushe. Inna da kanta take yi, ba ta yarda da kowa ba. Sai aka yi rasuwa a Lafagu, dole ta je gaisuwa. Ta damƙa mini igiyar, ta ce, "Kak ka bari hannunka shi huta."

Ni kuwa mai wayo, sai na ɗaure igiyar a yatsan ƙafa don hannuwana su samu sarari. Ƙafa na ja, yatsa na girbi, har ina yaba wa kaina. Ban san lokacin da ƙafar ta tsaya ba. Na ji kukan tsuntsayen sarai, na ce bari in ƙarasa cika wannan kwando na waya tukuna. Da na ɗaga kai, gonar ta yi baƙi da tsuntsaye. Na diro ina ihu, igiyar ta fizge ni na faɗi cikin taɓo.

Da la'asar Inna ta dawo. Ta bi gonar tana murza zangarniya ɗaya bayan ɗaya, duk ƙaiƙayi. Abin da ta tsinto bai cika tafin hannunta ba. Na so ta zage ni, wallahi da na fi samun sauƙi. Sai ta dubi wayar da ke hannuna.

"Gwada min wagga gona taka," in ji ta.

Na nuna mata. Ta daɗe tana kallon shinkafar da ta nuna jawur, babu tsuntsu ko ɗaya a kai.

"Ta yi kyau," ta ce. "To, ɗebo min iri cikinta."