Baba Kar-a-Yar da Kwamfutar Mahaifina

Kafin sauran masu shaguna su ɗaga ƙofa, shi ya riga ya share gabansa, ya shimfiɗa farin tsumma a kan tebur, ya jera sukurdirebobi daga babba zuwa ƙarami. Bayansa tsofaffin kwamfutoci ne a jibge har rufi. Duk wanda ya kawo masa wadda ta tsufa yana cewa a cire abin amfani a jefar da saura, amsarsa ɗaya ce: "Kar a yar tukuna." Daga nan sunan ya bi shi, har jikokinsa ma haka suke kiransa.

Ƙarshen watan nan Baba Kar-a-Yar zai rufe shago. Hannunsa ya fara rawa, 'yarsa kuma ta rantse ba zai ƙara shekara a kan bencin nan ba. Tun da na ji, raina bai yi daɗi ba.

Mai buga takardu na kusa da shi ya ce kwamfutarsa ta mutu sau uku, sau uku Baba yana tashinta. Wata malamar makaranta ta ba ni labarin yadda ya haɗa wa ajinta guda biyu daga gawar guda biyar. Amma ni abin da na gani da idona zan faɗa.

Mahaifina mai ɗaukar hoto ne. Ya rasu ya bar mana akwatuna cike da fim na bukukuwan mutane, amma bai bar mana hotonsa ko ɗaya mai kyau ba, don kullum yana bayan kyamara. Na ƙudurta sai na juye fina-finan nan kaf zuwa kwamfuta kafin su lalace, ko Allah zai sa in ga fuskarsa a wani. Na'urar da ke juye fim ɗin kuwa ba ta aiki sai da tsohuwar kwamfutarsa, ita kuma faifan ajiyarta ya cika. Na sayo babba aka saka, ta ƙi ganinsa sam.

Na kinkime ta zuwa wurin Baba. Ya buɗe, ya hure ƙura, ya yi dariya.

"'Yata, ba taurin kai take yi ba. Lokacin da aka ƙera ta, babu faifai mai girman wannan a duniya. Kin ga wannan 'yar ƙwayar a jikin madabod, wato babban allon nan na cikinta? Karatun da take fara yi in an kunna ta yana ciki, shi ake kira Bayos. Sai mun canza mata shi da sabo kafin ta iya ƙirga wannan faifan."

"To a canza mana, Baba."

"A hankali. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutawa, ko aka ba ta karatun wata kwamfutar, ta tafi ke nan. Irinta kuma yanzu ko a bola ba ki samu."

In ta mutu, na'urar fim ta zama kwalliya, neman fuskar mahaifina kuma ya ƙare.

Baba yana da ƙa'idar da ba ya karyawa: sai ya cire ƙwayar ya kwafi tsohon karatun ya adana kafin ya rubuta sabo. Ya ce ba a zubar da ruwan tulu don an ga hadari. Ya ɗauki ɗan hantsakinsa, ya kai kusa da ƙwayar, hannun ya hau kakkarwa. Ya janye, ya sake gwadawa, ya sake janyewa. Ya kalli yatsunsa.

"Hannun ya fara ƙi na," ya ce. "Zo, ara mini naki."

"Ni, Baba? In na karya fa?"

"Ba za ki karya ba. Ɗaga nan kaɗan. Yauwa. Koma ɗaya gefen. Kar ki yi mata ƙarfi, tsohuwa ce."

Haka muka yi, idonsa da hannuna. Ya kwafi tsohon karatun, muka mayar da ƙwayar, ya haɗa kwamfutar da batir, ya hana kowa motsi har rubutun ya ƙare. Da ta tashi ta nuna faifan duka, sai ya shafa ta ya ce, "Kin gani? Dama ba a gaya mata ba ne."

Baba, kai ne mai haƙuri da abin da kowa ya gaji da shi. Kai ka sa na ci gaba da juye fim wata da watanni, har ranar da na buɗe hoton wani ango a shagon aski. A cikin madubin da ke bayansa ga mahaifina tsaye, kyamara a ƙirji, yana dariya da dukan haƙoransa. Na yi kuka har na gode Allah.

Na gode, Baba. Allah Ya saka maka da alheri, Ya ba ka hutu mai daɗi. Ku kuma masu gyara da ke tasowa, ku je ku zauna kusa da shi kafin wata ya ƙare, ku koyi yadda ake tambayar tsohon abu me ke damunsa.

Jiya na je da kyamara don kada jikokinsa su yi irin neman da na yi. Ya gyara hula, ya ɓoye hannayensa a ƙarƙashin tebur saboda rawar da suke yi. Na ce ya fito da su ya ɗora a kan tsumman, don ba zan ɗauka ba sai da su.