Ranar da Na Karya Hannun Ƙanwata

Shekaranjiya na dafa ƙafar saniya, sauran romon ya kwana a tukunya. Da safe na ɗaga murfi na tarar ya daskare, in ka taɓa tukunyar sai ya riƙa rawa. Ƙanshin citta da daddawa ya bugi hancina, kafin in ankara na tsinci kaina a tsakar gidanmu na ƙauye, can tsakanin Kiyawa da Dutse, ina kallon Kaka tana ɗura wa ƙanwata irin wannan romo da ludayi.

Bari in gaya maka yadda ƙanwata take, don kada ka ɗauka gata ne ya sa ake ba ta romo ita kaɗai. Da karaya a cinya aka haife ta. Farin idonta shuɗi-shuɗi ne, ƙashinta kuwa ko atishawa mai ƙarfi ta yi sai haƙarƙari ya tsage. Ba a goya ta, ba a cilla ta sama kamar sauran jarirai. A kan matashi ake ɗaukarta, hannu biyu a ƙasa, kuma mu uku kaɗai muka iya: Inna, da Kaka, da ni da nake da shekara bakwai lokacin.

Kaka, wato mahaifiyar Baba, a wurin ubanta ta gaji ɗori. Makiyayi ne shi, a ƙafar maruƙa da tumaki ta koyi aikin kafin ta taɓa ɗan Adam. Kayan aikinta ba su wuce karan dawa da take feƙewa ba, sai tsumma mai tsabta, da man shanu, da bisimilla. Da kaka, in an gama girbi, ni ce mai zaɓo mata kara, masu kauri waɗanda ƙwaro bai huda ba. Rabin abin da nake tarawa a jikin ƙanwata yake ƙarewa.

Mutanen gari kuwa sun riga sun yanke hukunci. Wai Inna ta je ɗiban ruwa tafkin bayan gari da tsakar rana tana da ciki, mutanen ruwa suka musanya abin da ke cikinta. Wai ƙanwata 'yar ruwa ce, ba mutum ba. Maganin abin a wurinsu shi ne a kai ta bakin tafki da ƙwaryar fura da ƙwai, a ajiye, a juya baya, ta koma wurin danginta. Wanda ya ce maka wannan tatsuniya ce, bai zauna a ƙauye ba. Gwaggo, yayar Baba, ita ce kan gaba. Duk zuwan da za ta yi sai ta tsaya a kan tabarmar yarinyar ta ce, "Har yanzu abin nan yana nan?" Inna sai dai ta shige madafa ta ce hayaƙi ne ya sa mata hawaye. Baba masinja ne a ofis a Dutse, tun da aka mai da garin babban birnin jiha, sai ƙarshen mako yake zuwa a kan kekensa. Mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa, amma a gaban yayarsa ba shi da baki.

Abin ya zo ne da damina, shekarar da aka fara shari'ar Musulunci a jiharmu. Ina da sha biyu, ƙanwata tana da biyar, ga surutu kamar me, ta haddace Fatiha da Ƙulhuwallahu tana kwance. Tafki ya cika har ya taɓo gonaki. Ranar kasuwa ce, Inna ta tafi sayar da kuka, an kuma zo an ɗauki Kaka zuwa ruga, wani bijimi ya karye. Da hantsi sai ga Gwaggo da wata tsohuwa da ban sani ba, da ƙwarya a rufe da faifai. Ina ganin ƙwaryar nan na gane abin da ya kawo su.

"Tashi ki ba mu wuri, yawo za mu kai ta," in ji Gwaggo.

Na ce, "Gwaggo, ba a ɗaukarta sai Kaka ta ce."

Ta zare min ido, ta sunkuya ta kama gefen matashin. Ni kuma na faɗa na rungume ƙanwata, na damƙi hannunta na dama da duk ƙarfina. Shekara biyar ina sanin ba a damƙarta, amma a ranar na manta. Gwaggo ta ja, na ja. Sai na ji ƙas a cikin tafin hannuna, irin ƙarar da kara yake yi in ka taka shi. Ƙanwata ta tsala ihu. Wallahi har yau, in ɗalibi ya karya wani abu a ɗakin binciken da nake aiki, sai yatsuna sun yi sanyi. Amma ban sake ta ba. Na yi ta kurma ihu ina kiran maƙwabta, tsohuwar ta ajiye ƙwarya ta sulale, wani mai babur ya tafi ruga ya ɗauko Kaka.

Kaka ta shigo da kashin shanu a ƙafarta. Ta dubi ƙwarya, ta dubi 'yarta, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce a kawo kara. Sannan ta ce wa Gwaggo, "Zauna. Ke za ki riƙe min hannun." Gwaggo ta fara ja da baya, Kaka ta ce, "Ni na haife ki, zauna na ce." Haka ta sa ta tallabe hannun da ya karye tun daga shafa mai har ɗaurin ƙarshe, yarinya tana kuka tana kiran sunan Allah, jijiyarta tana bugawa a yatsun Gwaggo. Da aka gama Kaka ta ce, "Shekara arba'in ina ɗori, ban taɓa ɗora aljani ba. Wannan ƙashin zai kama nan da sati uku, ki zo ki gani. In kuma na sake ganin ƙwarya a gidan nan, da ƙafata zan je gaban alƙali, tunda yanzu an ce shari'a ake yi." Ta ɗauki furar ta dama, ta ba ni na sha, ƙwan kuma ta dafa wa ƙanwata.

Ni dai na kasa cin abinci kwana biyu, ina cewa ni na karya ta. A rana ta uku Kaka ta kira ni bakin murhu. Ta zaro wani ƙashin akuya da ya sha wuta ya yi fari, ta ce in matsa. Ya ruguje a hannuna. Ta miƙo min ɗanye, na yi iya yina bai ko motsa ba. Ta ce ƙashi abu biyu ne, dutse da danƙo, wuta ta cinye danƙon wancan, ƙanwata kuma da danƙo kaɗan aka halicce ta, shi ya sa take ba ta romo. Daga nan ta kama kunnena ta lanƙwasa. Ta ce ta sha feɗe ɗan tayin akuya, ƙafarsa duk guringuntsi ce irin na kunne. "To wa yake gaya wa na ƙafa ya zama ƙashi, na kunne ya tsaya yadda yake? Ni ban sani ba. Ke da kike boko, ki tambayo min."

Tambayar nan ce aikina yau. Danƙon da Kaka take faɗa sunansa kolajin, shi ne yake daskarar da romo. A cikin ƙwayoyin gadon da ke jikin kowa akwai umarnin yin sa, akwai kuma wasu sassa da suke kunna umarnin ko su kashe shi, su ce wa wannan guringuntsi zama ƙashi, wancan kuma dakata. Waɗannan makunnai nake bi, a jikin 'yan tayin ɓeraye, shekara da shekaru. An ce min mace daga ƙauyen Jigawa ba ta wannan karatu, an ce in yi aikin jinya in huta. Na ji, na wuce. Kaka ba ta ga ƙarshen karatun ba, kuma da tana nan da na gaya mata gaskiya: romonta bai ƙara wa ƙanwata danƙo ko kaɗan ba, ciki narkar da shi yake yi kamar kowane abinci. Amma abin da ƙashin ya rasa, ta gano shi da murhu da ƙashin akuya. Magani kuwa har yanzu ba mu da shi, ba zan yi maka ƙarya ba.

Ƙauyen ya canja. Tafkin ya ja baya, an yi gidajen bulo a gefensa, matasa suna wanke adaidaita sahu a wurin. Yanzu in an haifi irin ƙanwata, da yawa asibiti suke nufa, ko da yake na san akwai gidajen da har yau ake rufe ƙwarya da faifai. Ƙanwata tana unguwar Limawa a Dutse, a kan kekenta na guragu, tana koyar da yara Alƙur'ani, bakin nan nata bai mutu ba.

Bara na ɗebi jininta da na Inna na auna. Canjin wuri ɗaya ne tak a umarnin kolajin, yana jikin ƙanwata, babu shi a jinin Inna. Na je gida na tara su, har da Gwaggo da take dogara sanda yanzu, na yi bayani da Hausa dalla-dalla. Gwaggo ta ci gaba da jan carbi. Inna, wadda ta shekara kusan talatin ba ta bi hanyar tafkin nan ba, ta dube ni ta ce, "To ba ruwan da na ɗebo ba ne?"

Na ce, "Ba shi ba ne, Inna. Bai taɓa zama shi ba."

Sai ƙanwata ta ɗaga hannunta na dama, wanda ya ɗan karkace a inda na damƙe shi, ta nuna wa Gwaggo. Ta ce, "Gwaggo, abin nan dai yana nan."