Mama da guguwar Florida

Na shiga ɗakin Mama na tarar tana cusa daddawa a akwati.

Ƙanwata ce ta haihu a Florida, Mama za ta je wankan jego. Ga shi ana ta sanarwa mahaukaciyar guguwa ta doshi garin.

Na ce, "Mama, a ɗaga tafiyar nan mana."

Ta ce, "Wato 'yata da ɗanyen jego tana can cikin iska, ni in zauna a Keffi ina kallon talabijin?"

Na yi magiya har na gaji. Ƙarshe kamfanin jirgin ne ya soke tafiyar, amma ni ake wa fushi, ko gaisuwata ba a amsawa.

Don Allah, ku yaya kuke shawo kan iyayenku?