Maganar da Ba Ta da Shafi

A shagon buga takardu a Kafin Hausa, wani mai furfurar gemu yana tsaye gefen matar da ke buga masa kundin digirinsa na biyu a falsafa. Jan biron malaminsa ya cika takardar, yatsan mai gemun na kan layi ɗaya.

"Malam, an ce ka kawo littafi da shafin wannan maganar," in ji ta.

"Ba ta cikin littafi, Hajiya. Daga bakin mahaifina na ji ta, Allah ya jiƙansa."

Ni da ke jira a gefe, ina jin ɗan gidan malamai ne, inda sunan wanda ya faɗa ya isa hujja.

"Goge ta," ya ce, amma yatsansa bai bar kan layin ba.