Ubaidullah da Kafet Ɗin Goggonsa

Ubaidullah ɗan ƙanena ne, ni na raine shi a unguwarmu ta Harra ta Gabas, nan birnin Manzo, bayan rasuwar iyayensa. Ku riƙe wannan, don akwai masu son a manta.

Direba ne a wani otal, yana jigilar alhazan Malesiya. Wani tsoho cikinsu ya bar masa kyautar ƙwallaye huɗu baƙaƙe, masu nauyi kamar dutsen niƙa. Wai wasa ne: a gangara su a kan ciyawa, wanda tasa ta fi kusa da wata 'yar farar ƙwallo shi ya ci. Ƙwallon ma ba ta tafiya kai tsaye, sai ta yi baka kamar mai gudun surukai.

Ya fara gwadawa a barandata. Kwana uku ya fasa mini randa. Na ce, "Kai, gardi da gemu! 'Ya'yan mutane na buga ƙwallo da gudu, kai kana durƙusa mata kamar mai neman gafara? Fitar mini da ita!"

Sai maƙwabciyata Ƙaltume, wadda ko shayi ba ta iya dafawa ba, ta ba shi saman benenta. Har ta shimfiɗa masa koren kafet. Shekara shida yana gangara ƙwallayensa a can bayan la'asar, ni kuwa ina yi musu dariya ta taga.

To, dariyar ta ƙare. Alhazan nan suka gayyace shi gasa a ƙasarsu, ya zo na uku. Daga nan sai Hong Kong, sai Ostareliya. Bara ya ɗauko kofi, aka sa masa makirufo a baki, jikata ta nuna mini a jawwal, wato wayar hannu. Buɗar bakinsa sai ya ce, "Ina gode wa ummi Ƙaltume." Ummi, wai uwarsa! Ni da na wanke masa kashi!

Yanzu Ƙaltume ko gaisuwar mutuwa ta je sai ta sako zancen "ɗana". Har jirgi ya sa ta, ta dawo da tabarau.

Ban yi ƙasa a gwiwa ba. Na tafi kasuwar Sultana na sayo kafet, wanda ya fi nata kore, na shimfiɗa daga ƙofa har kicin. Na kira shi.

"Ga fili, ɗan nan. Dawo gida."

Ya durƙusa, ya saki ƙwallo ɗaya. Ta karkace ta shige ƙarƙashin firji.

"Ya ammati," ya ce, wato goggona da Larabcinsu na 'yan zamani, yana sumbatar goshina, "ƙasan gidanki a karkace yake."

"Da kake rarrafe a kansa ai daidai yake!"

Ya yi dariya, ya bar mini ƙwallon wai tsaraba, ya haye benen Ƙaltume.

Ƙwallon tana nan. Da ita nake fasa busasshen lemun tsami. Kullum sai lokacin da Ƙaltume ke ƙailula nake dakan, jikin bangonta.