Haladu Mai Goyon Gaba

Haladu ɗan garin Dauran ne ta ƙasar Zurmi, a gidan makaɗa aka haife shi. Taubasansa sun yi ittifaƙi cewa tsawonsa bai wuce turmi biyu ba, shi ma sai an haɗa da hula. Amma Allah ya ba shi hannu. In ya rataya ganga a gayyar noma, tsohon da ya zo kallo da sanda sai ya yar da ita ya nemi aron galma. Da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara ya kwaso iyalinsa ya dawo Ƙaura Namoda, wai gari ya buɗe, biki ba zai ƙare ba.

Ba a daɗe ba aka ƙaddamar da Shari'a. Haladu na cikin waɗanda suka tafi Gusau suka yi ta kabbara har murya ta dishe. Sai da ya dawo gida ya lura masu biki sun koma walima, wa'azi da shinkafa, ba mai aiko wa makaɗi goro. Bai yi ƙorafi ba. Ya rataye gangarsa a bango ya kama tallan rake a Kasuwar Daji, inda ya zama babban mai sayen kayan kansa. Sai dai hannun nan ya ƙi kwanciya. Matarsa Kulsumu ta ce ko tuwo yake ci, yatsunsa na kaɗa bakin kwano.

Ana nan sai 'yan badujalar gari, masu kiɗan fareti, suka rasa mai buga babbar ganga, ga bikin ɗaya ga Oktoba ya matso. Kiɗan fareti kuwa ba wanda ya hana shi. Shugabansu Saje Muttaka, tsohon soja ne mai gashin baki kamar tsintsiya, ya ce zai gwada Haladu. In ya iya tafiya a layi da ganga, gurbi nasa ne. In bai iya ba, akwai wani dogo a Shinkafi yana jiran a kira shi.

Gangar badujala faɗinta kamar bakin rijiya. Ta zo da maratayin ƙarfe da ake ɗorawa a kafaɗu, wanda aka auna da jikin wani zabgegen ƙato. Da Haladu ya saka shi, ganga ta sauko masa har gwiwa. Kowane taku sai gwiwa ta riga hannu bugawa, kiɗa ya zama biyu-biyu.

Washegari ya ajiye ƙarfen, ya zo da maratayin fata na mahaifinsa, ya rataya gangar a kafaɗar hagu ta sauka a kwiɓi, yadda duk wani makaɗin ƙasar nan ke yi tun kaka da kakanni. Aka busa usur. Layi ya miƙe gaba, Haladu ya fara lanƙwasa hagu, yana kiɗa mai daɗi yana nisa. Ba don katangar makaranta ta tare shi ba, da a Zurmi za a tsinto shi.

"Haladu, ina za ka?" in ji Saje.

"Ranka shi daɗe, ni gaba nika tahiya. Gangar ce ka son hagu."

"Wagga ganga ba a rataya ta. Ga ƙirji take zama, ka buge ta dama da hagu. Ka tahi da ita gida ku sasanta."

Sai ya koma igiya a wuya. Ganga ta zauna a gaba kam, amma wuya ya karye ƙasa kamar na ungulu. Ya riƙa yawo a gari kai a sunkuye, har dattawa suka fara yaba ladabinsa. Shi kuwa ya san in aka ci gaba a haka dogon Shinkafi ya samu aiki.

Wata la'asar yana zaune a tsakar gida yana shafa wa wuya man zafi, Kulsumu ta gama yi wa jaririnsu wanka. Ta wurga shi baya, ta ja zane ta ɗaure a ƙirji, ta kawo majanyi ta tallafe shi ta ƙulle a ƙugu, ta ɗauki taɓarya kamar ba ta ɗauke da kowa. Ta dubi mijinta, ta dubi gangar.

"Malam, mi ya sa kake ɗora ma wuya abin da ba aikinai ba? Ka taɓa ganin mace ta rataya ɗa ga wuya? Ƙugu ka ɗaukar kaya, kafaɗa riƙo kawai take."

"Yanzu ke za ki koya min ɗaukar ganga? Kakana fa..."

"Kakanka bai yi goyo ba. Tashi tsaye."

Ya tashi yana gunaguni. Ta ɗauko zane ta zura a zoben gangar, ta haye kafaɗunsa biyu da shi, ta gitta a baya. Ta sa majanyi ta tallafo gangar daga ƙasa ta ƙulle masa a ƙugu, ta ja har ya yi ƙara. Haladu ya taka daga bakin rumbu zuwa zaure, ya dawo, a miƙe sambal, wuya a sake, hannuwa biyu suna kaiwa ko'ina. Murna ta kama shi. Sai ya duba jikinsa ya ga abin da yake ɗaure da shi.

"Kulsumu, in aka gan ni hilin fareti da majanyi, sai dai in yi ƙaura zuwa Nijar."

"To ka kai ma baduku shi yi maka na maza."

Ranar kasuwar Moriki ya ɗora ganga a bayan babur ya tafi wurin Imrana baduku. Aka zaɓi fatar sa mai kauri, don ta akuya miƙewa take in ta sha gumi. Aka yanka maɗauri biyu masu faɗin tafin hannu da za su gitta a baya, aka cusa auduga inda suke hawa kafaɗa, aka yi ɗamarar ƙugu, aka jera huda a jikin kowanne. Sannan aka shiga gwaji. A hudar sama ganga ta rufe shi ɗungum, hula kawai ake gani tana tafiya. A ta ƙasa gwiwa ta koma sana'arta. Imrana ya ƙara wata huda a tsakani, tsakiyar ganga ta daidaita da gwiwar hannu, idanun Haladu suka leƙo ta sama kamar na kada a tafki.

"Wa ya koya maka wanga ɗauri?" Imrana ya tambaya.

"Sojojin Kaduna," in ji Haladu, bai ko ƙifta ido ba.

Amma zance ya riga ya fita ta wurin daka. Ranar fareti fili ya cika. Haladu ya shigo tsakiyar layi, ƙafa na faɗuwa tare da ganga, ƙasa na amsawa. Ya wuce gaban rumfar manya bai karkata ko taƙi ɗaya ba. Daga ɓangaren mata wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa ta ce, "Barka da arziki, Haladu! Mace ko namiji?" Dariya ta ɓarke har cikin masu busa. Haladu ya cije, ya riƙe kiɗansa har ƙarshen fili.

Da aka tashi Saje Muttaka ya zagaya bayansa, ya ja maɗaurin nan ya ja wancan, ya ce sati mai zuwa suna da fareti a Zurmi, kada ya makara, kuma ya kwashi masu ƙananan ganguna ya kai su Moriki a auna su.

Taubasai kuwa suka ce ba su yarda ba, tunda an yi goyo sai an yi suna. Suka cika masa zaure da sassafe. Haladu ya fito da ƙwaryar goro ya raba, ya gyara murya, ya ce mace ce, sunanta Alheri. Aka shafa fatiha.