Usur ɗin Baba Rasaki

Duk wanda ya zauna a layinmu na Fagge, ko bai san fuskar Baba Rasaki ba, ya san usur ɗinsa. A tashar jirgin ƙasa ya ƙare ƙuruciyarsa. Da ya yi ritaya ya mayar musu da tuta da hula da rigar aiki, usur kuwa ya ce ya ɓata, alhali yana rataye a wuyansa cikin singileti. Da shi yake korar awaki, da shi yake tsayar da mai adaidaita, da shi yake kiran ɗan ga-ruwa. Kuma ba mai taɓa shi. Matarsa Iya Sikira ta ce tun aurensu take wanke masa kaya, amma ko igiyar usur ɗin bai taɓa bari ta jiƙa ba.

A Fagge aka haife shi, iyayensa ne suka zo daga kudu fatauci. Gidan haya ɗaya muka zauna, ɗakinsa na kallon nawa. Ɗakin cike yake da tarkace: tsofaffin bututun famfo, lanƙwasassun ƙusoshi, tiyub ɗin keke. Ba ya zubar da komai, ba ya sayen sabo. Duk abin da ya yi jinkiri kuma, ruwan sama ne, wutar lantarki ce, tuwon Iya ne, maganarsa ɗaya: "Jirgi ya makara, amma yana hanya."

Akwai lokacin da ba na son jin maganar nan. 'Yata Rukayya ta kai shekara biyu da rabi ba ta tsayuwa. Sa'o'inta na guje-guje a tsakar gida, ita tana jan jiki a tabarma. Mahaifiyarta Habiba har ta daina zuwa suna saboda tambayar mutane. A asibiti suka ce ƙafafun za su iya yin ƙarfi idan ana motsa su kullum, suka nuna wa Habiba yadda za ta yi, suka ba mu takarda mai hotuna da rubutun boko. Lokacin ban shiga ajin yaƙi da jahilci ba, sai na kai wa Baba. Ya ɗauko tabarau ɗinsa mai ƙafa ɗaya, wanda yake ɗaurewa a kunne da zare, ya karanta sau biyu, ya ninke ya sa aljihu. Ban sake riƙe takardar ba sai bayan shekaru. Daga ranar ya naɗa kansa shugaban tasha.

Na ce zan je Kasuwar Sabon Gari in samo keken nan mai tayoyi da ake zaunar da yara a ciki. Ya ce zai raka ni. Mai shago ya sauko da wani ja mai ƙararrawa, yana ta yabonsa. Baba ya juya shi, ya leƙa ƙarƙashi, ya tura shi da ƙafa. Keken bai tsaya ba sai a shagon maƙwabci.

"Ina birkinsa?"

Mai shago ya ce ai na jarirai ne, ba a yi masa birki.

"To mayar. Ba a sa mini fasinja a tarago mara birki."

Sai a hanya yake gaya mini takardar ma ta hana, ya biyo ni ne kawai don in gani da idona. Da muka koma asibiti na tambaya, suka ce gaskiyar Baba ce.

Washegari ya fito da bututu biyu, ya kafa su a tsakar gida bisa turakun katako, daidai tsayin hannun Rukayya, ya naɗe su da tiyub don kada rana ta gasa su. Ya ce ga layin dogo nan, jirgi zai riƙa tashi sau biyu, da hantsi da bayan la'asar. Matan gida kuwa suka ga wurin shanya ya samu. Ya fito ya tarar da zannuwa jere a kan layinsa. Usur ɗin da ya busa ran nan, har liman ya aiko a ji ko gobara ce.

Haka muka fara. Habiba na riƙe da ƙugun yarinyar, ina durƙushe a gefe, Baba na zaune a ƙarshen layi. Da farko ƙafafun lanƙwashewa suke kamar dafaffiyar taliya. 'Ya ta yi kuka, uwa ta yi kuka, Baba ya duba agogo ya ce yau jirgi ya yi minti biyu, gobe zai yi uku. In ta gaji kuwa ba ya matsa mata, sai ya ce inji ya ɗau zafi, a ba shi ruwa.

Babban yaƙinsa da masu tausayi ne. Duk wadda ta shigo ta ga Rukayya riƙe da bututu, sai "Allah sarki", ta sure ta ta goya. Wata rana yayata Hajiya Talatu ta zo daga Rijiyar Lemo, ko zama ba ta yi ba ta saɓa yarinyar a baya ta ɗaure da gyale, tana faɗa wai muna wahalar da baiwar Allah. Baba ya busa usur.

"Hajiya, sauke fasinja, ba a iso tasha ba."

Ta ce ba za ta sauke ba, shi ba shi da tausayi ne?

Baba ya dafa gwiwa, ya miƙe da ƙyar. "Ni ma ƙafafuna ciwo suke. In kin gama da ita sai ki goya ni."

Hajiya Talatu ta yi dariya har ta zauna a kan turmi. Ta sauke ta. Daga baya ita ce take zuwa duk Juma'a ta karɓi Habiba riƙon ƙugu.

Bayan watanni Rukayya ta iya bin bututu daga farko har ƙarshe, amma ta ƙi saki. Mun nuna mata alawa, mun nuna 'yar tsana, ko kallo ba su ishe ta ba. Habiba ta fara cewa ko iyakarta ke nan. Ran nan bayan la'asar rana ta dami Baba, ya ja kujerarsa baya kaɗan daga ƙarshen layi, ya sunkuya yana gyara takalmi, usur na lilo a wuyansa. Rukayya ta zuba masa ido. Ta saki hannu ɗaya. Ta saki ɗayan. Taku huɗu na gani, karkatattu, ta faɗa cinyarsa ta damƙe usur.

Iya Sikira daga bakin murhu ta ce, "To, Alhaji, yau mu gani."

Baba ya dubi usur, ya dubi yarinya. Mutumin da bai taɓa sayen sabon abu ba ya ce zai sayo mata sabo. Ta ƙi saki. Sai ya cire igiyar daga wuyansa ya rataya mata, hawaye na bin gemunsa, yana cewa hayaƙin Iya ne. Sati guda ba wanda ya yi barcin rana a gidanmu saboda busar Rukayya. Baba kuwa da baki yake korar awaki, su kuma suna kallonsa kamar baƙo.

Shekarar da ciwo ya kwantar da shi, ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa, ni na ɗaga bututun nan zuwa tsayinsa. Rukayya, da ta shiga firamare, ita ta zama shugabar tasha. In ya ce ya gaji sai ta busa, ta ce saura taku biyu. Ya dube ni ya ce, "Malam Sani, ni na koya mata wannan muguntar?" Na ce to wa kuma, Baba.

Bayan rasuwarsa Iya ta samu takardar asibitin nan a akwatinsa, ta ba ni. Yanzu ina iya haɗa baƙi, sai na zauna na karanta da kaina. A bayanta duk rubutun Baba ne: minti biyu, minti uku, hannu ɗaya, taku huɗu. A can ƙasa ya rubuta, "Jirgi ya iso."

Rukayya da ƙafarta take zuwa makaranta, tana ɗan jan ta hagu, usur na cikin jakarta. Allah ya jiƙan Baba Rasaki, ya haskaka kabarinsa. Yadda ya tsaya wa ƙafafun 'yata, Allah ya tabbatar da nasa a kan siraɗi. Amin.